Motar Ajudan

Ku ukun nan kun girma kuna jin ana kiran ubanku ɗan rahoto. Ba a faɗa muku ido da ido, amma kun ji, na kuma san kun ji. Ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayani ba, don an ɗaure mini baki. Yanzu wanda ya ɗaure shi ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka zan rubuta abin yadda ya faru. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, ina fara haɗa baƙi na gudu na bi mota. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara da kansa. Ni dai ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

A lokacin muna tsohon Zango, cikin gari, kafin a tashe mu. Ni direban babbar mota ne ta wani Alhaji, ina kwaso shanu daga Dapango zuwa Lome. In na tafi sai in yi wata ban kwana a ɗakina ba, in damina ta ɓata hanya ma ya fi haka. Na gaji. Bayana ya fara ciwo, uwarku tana da cikin Habibu, ni kuwa ba abin da nake so irin in samu ƙaramar mota tawa ta kaina, in yi taksi cikin gari, in ci tuwon dare a gidana. Abin da na tara shekara da shekaru na haɗa, uwarku ta sayar da kwallayenta na jere ta ƙara mini, ba tare da na roƙe ta ba. Wannan ku riƙe mata shi.

Dole in gaya muku wane ne Kawu Liman a wurina, don ku kun san shi ne yana tsoho mai farin gemu da ake layi ana sumbatar hannunsa. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan ubana ya rasu, shi ya biya sadakin uwarku. Yana limanci a masallacin layinmu, yana da ɗalibai manya da yara. Zamanin nan jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, ba ta biyu. In babban baƙo zai sauka, ko mai ƙasa zai dawo daga tafiya, sai a zo unguwa a ce kowane gida ya ba da mutum, a sa musu atamfa iri ɗaya a jera su bakin titi cikin rana suna rawa suna waƙa. Kowa yana yi, wanda bai so ma yana yi yana murmushi. A daminar da ta gabaci sayen motata, na dawo daga wata doguwar tafiya na tarar Kawu ya rame, ya daina doguwar hira bayan salla, in zai tashi sai ya dafa bango. Na tambaya, aka ce ai Kumasi ya je gaida malaminsa, zazzaɓi ya kama shi a can. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na koma hanya. Duk Zango ni kaɗai ne na yarda da zancen Kumasi.

Bawa dillali ne ya kawo mini labarin motar. Ya same ni a teburin mai shayi ya ja ni gefe, ya ce akwai wata Fijo kat-san-kat doguwa, mai kujera layi uku, tana unguwar Hanukofe bayan garejin wani fita mai gyaran mota, mai ita yana so ya rabu da ita da wuri. Muka je. Tana ƙarƙashin mangwaro, an yi mata sabon fenti shuɗi, tana ƙyalli. Ni ba a cutata a inji. Na shiga ƙarƙashinta na duba, na zaro mai na murza a yatsa, na sa aka tayar na tsaya bayanta ina kallon hayaƙi. Ba abin da ya same ta. Irin motar nan ce da ba ta taɓa rasa mai kyau da makaniki ba. Abu biyu kawai na lura. Cikinta yana warin maganin wanke asibiti, kuma ƙofofin baya ba su da hannun buɗewa ta ciki, ba su da na sauke gilashi, an cire an toshe ramin da kyau.

Na ce, "Bawa, ina hannuwan nan?"

Ya ce, "Kai ma dai, Tanimu. Bature ne ya fara riƙe ta, 'ya'yansa ƙanana, ya cire don kada su faɗo. Ka san yobo, farar fata, da tsoron mutuwa. Wannan ko yau fita ya sa maka wasu."

Na yi dariya, na yarda. Can sai ga mai motar ya zo, wani gajere mai kauri da tsage a kumatu, mutumin arewa, riga ta gida amma takalmin soja. Bawa yana ta ce masa Ajudan, muƙaminsa na soja, yana sunkuyawa. Ban ji komai ba. Sojoji da ma'aikata suna sayen motocin da gwamnati ta sallama su sake sayarwa, kowa ya san haka. Kuɗin da ya faɗa bai kai na motar da ta yi rabin lafiyarta ba. Ban ma yi ciniki mai tsawo ba. Bawa ya kama hannuna ya ɗora a nasa, Ajudan ya ce da Hausarsa ta bariki, "Na sallama." Na ce na saya. Daga baya na ji Bawa ya kai wa mutum uku na Zango zancen motar nan kafin ni, kowa yana leƙa ciki sai ya ce zai yi shawara. Sai ya zauna ya jira wawan da ke kan hanyar Dapango. Bawa ya mutu a Makka, ana cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe. Allah ya fi kowa sani.

A Zango a lokacin, in mutum ya yi mota, ba ya ɗaukar fasinja ko ɗaya sai babban gidansu ya fara shiga. Ana ajiye ta ƙofar masallaci bayan La'asar, a raba goro da ƙosai sadaka, dattijon ya zauna a baya, wurin girma, ya yi addu'a, a zagaya da shi unguwa a dawo. Ni babbana Kawu ne. Na wanke ta, uwarku ta soya ƙosai cikin babban kwano, na ajiye ta daidai ƙofa. Mutane suka fito salla suka kewaye ta, ana ta Allah ya sa alheri, Allah ya tsare, wani na buga taya da ƙafa, wani na tsokanata wai yanzu sai a fara ce mini Alhaji. Kawu ya fito yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa an daɗe. Na buɗe masa baya, ya tattara rigarsa ya shiga, na rufe, na zagaya na zauna gaba.

Ya ɗaga hannu ya fara addu'a, sai na ji ya tsaya a tsakiya. Na duba madubi. Yana shaƙar iska kamar mai neman inda wari yake fitowa. Sai ya kai hannu jikin ƙofa yana lalube. Ya lalubi inda hannu ya kamata ya kasance, ya koma ɗaya ƙofar ya laluba. Na ce, "Kawu, ai an cire, gobe zan sa a..." Ban ƙarasa ba. Ya fara dukan gilashi da tafin hannu, yana cewa da Faransancin da ban taɓa sanin ya iya ba, "Pardon, chef, pardon, chef," muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Rawaninsa ya warware ya faɗi. Na fito a guje na buɗe masa ta waje, ya faɗo da gwiwa cikin ƙasa a gaban ɗalibansa, a gaban duk wanda ya bi shi salla yanzun nan, yana amai.

Mutanen da ke jingine da motar suka janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata tsohuwa Bazabarmiya mai sayar da koko a kusurwar layin, ta taso ta zagaya motar, ta sa farce ta kankare fentin kusa da fitilar baya. Ƙarƙashin shuɗin baƙi ne.

Ta ce, "Ita ce." Ta koma kan kokonta.

Kafin in juya, ƙofar masallaci ta watse. Ƙosan yana nan a kwano ba wanda ya taɓa.

A ɗaki uwarku ta gaya mini abin da duk unguwa ta sani. Ba Kumasi Kawu ya je ba. An zo neman ɗalibansa su je rawar tarbar baƙo ranar da suke da karatu, ya ce su zauna su yi karatunsu. Wani ya kai rahoto. Da tsakar rana baƙar mota ta tsaya a kusurwar mai koko, mutum biyu suka fito suka ce ana son ganinsa, ya shiga baya, ba a sake ganinsa ba sai da damina ta kusa ƙarewa.

Na ce, "Rabi, kina kwana ɗaki ɗaya da ni, ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Wa ke faɗa? Ko a ɗaki ba a faɗa. Kai kuma bakinka ba ya riƙe magana in ranka ya ɓaci, da ka je teburin mai shayi ka yi ta zagi, su zo su ɗauke ka." Sai ta ƙara da cewa, "Malam, tambayar da za a yi yanzu ita ce, me ya sa kai aka sayar wa? Mutanen nan ba sa ba kowa kayansu."

Da safe Kawu ya aiko kirana. Na same shi a ɗakin karatunsa, ya rufe ƙofa da kansa. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Ka mayar da ita yau. Kada ta sake kwana a Zango."

Na ce, "To, Kawu."

Ya ce, "Amma ka ji da kyau. Ranar da suka sake ni sun ce Kumasi na je. Sun ce in har suka ji na gaya wa wani inda na je, za su dawo, kuma ba ni kaɗai za su ɗauka ba. Sun kira mini sunan Sa'adu da na Murtala." 'Ya'yansa maza ke nan. "Sunana kada ya fito daga bakinka, can ko nan, muddin ina da rai. Ka rantse."

Ya miƙo Alƙur'ani, na dafa na rantse. Mutumin da ya riƙe ni ne. Ko bai miƙo ba zan yi.

Bawa ya ɓace, aka ce ya tsallaka iyaka ya tafi Aflawo. Da ƙyar na samu fita ya kwatanta mini gidan Ajudan a Totsi. Lokacin Totsi rabinta gonakin rogo ne, gidaje ɗai-ɗai. Na same shi zaune a tsakar gida da singileti, ana yi masa aski. Ya sallami wanzamin, ya nuna mini benci. Tun a hanya nake shirya maganata, cewa iyalina ba su so ba, ya karɓi motarsa ko da zai rage wani abu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zancen motar nan ne."

Ya ce, "Ya lalace?"

Na ce, "A'a, lafiyarta ƙalau."

"To mene ne?"

Na ce mutanen gida ne suke ganin ta yi mini girma.

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, kamar mai duba akuyar da zai saya. Sai ya ce, "Jiya kana so, yau ba ka so. Tsakanin jiya da yau wani ya yi magana. Mota ba ya magana. Wa ya shiga ciki jiya?"

Na ce mutane da yawa sun kewaye ta.

"Ban ce kewaye ba. Wa ya zauna baya?"

A bayansa akwai wasu samari biyu zaune kan turmi suna cin gyaɗa, na ga sun daina tauna. Na gane ya riga ya san amsar ko ya kusa, so yake ya ji ta daga bakina. In na ce ina mayar da mota don an gane ta, dole in faɗi wanda ya gane ta, kuma mutum ɗaya ne a layinmu ya taɓa ganin cikinta. In ma na ƙi faɗa na dage sai ya karɓa, dagewar kanta ta faɗa. Hanya ɗaya ta rage mini, in nuna ba wanda ya ce komai.

Na yi dariyar da ban san daga ina ta fito ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, matata ce ta zauna, ita ce ma mai surutun, wai mai zai cinye mu. Ka san mata. Ni dai gaskiya godiya na zo yi. Mota ta yi, Allah ya saka."

Ya ce, "Godiya."

Na ce, "Godiya."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito, ya sa kakinsa cikakke, har da hula. Ya ce tunda na zo, in kai shi Zango, madam tana son cincinga, wato tsire, naman Zango ya fi na ko'ina. Ya buɗe gaba ya zauna kusa da ni, ya sauke gilashi ya ɗora gwiwar hannu.

Ya sa na bi ta layinmu, ba ta babban titi ba. Ya ce in rage gudu. An fito sallar La'asar ke nan, kamar jiya, mutanen jiya. Ya riƙa ɗaga musu hannu. Wajen mai nama ya ce in tsaya, ya fita ya zaɓi tsire, ya dawo ya miƙa mini tsinke ɗaya ta taga, ya tsaya sai da na ci. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce da ƙarfi, yadda na ƙarshen layi zai ji:

"Tanimu abokina ne. Ku riƙe shi da kyau."

A hanyar mayar da shi ya ce in na tashi sayar da motar in fara gaya masa, don yana son ya san hannun da za ta shiga. Daga ranar bai sake nemana ba, ko sau ɗaya. Bai taɓa tambayata labarin kowa ba, ban taɓa ba shi ba. Ba ya bukata. Aikin da yake so in yi masa na gama shi a yammacin nan da tsinken tsire a hannu: duk layin da na ajiye mota, mutane su tuna ana ganinsu.

Abin da ya biyo baya kun ga ƙarshensa, ba ku ga farkonsa ba. In na zauna teburin mai shayi, sai hira ta koma ta farashin goro, sannan kowa ya tuna yana da aiki. A sahu, na dama da na hagu suna barin tazara kamar ina da ƙazuwa. Na sa hannuwa a ƙofofin, na canza kujeru, na sake fenti fari, duk banza. Ba ɗan Zango da ya taɓa tsayar da ni, ko mace na naƙuda gara a ɗauke ta a kura. Fasinjana matan kasuwar Asigame ne da 'yan unguwar Kege, waɗanda ba su san komai ba, su suka ciyar da ku. Aka daina aiko wa uwarku goron biki. Ranar sunan Habibu na yanka rago, na shimfiɗa tabarmi har bakin titi, waɗanda suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba, su ma tsoro ya kawo su, ba ƙauna ba. Kawu ya zo ya raɗa suna ya tafi bai zauna ba. Kuma duk wanda aka ɗauka a Zango bayan wannan, ko ina Kege lokacin, ko ina kwance da zazzaɓi, ni ne. Har da tashin da aka yi mana daga tsohon Zango, na ji da kunnena wata tana cewa ai su Tanimu sun san da zancen tun tuni.

Na haƙura har aka yaye Habibu. Ranar da uwarku ta dawo daga famfo tana kuka, wai ta ajiye bokitinta a layi mata suka kwashe nasu suka koma wani famfon, na ce ya isa. Na tafi wurin Kawu da hantsi, lokacin da ɗalibai suka tashi. Yana zaune kan buzu da carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa duk abin da ya faru a Totsi, kalma da kalma, don ban taɓa samun ya tsaya ya ji ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Na sani. Tun ranar da na ga ka dawo da shi a gaba na san abin da ka yi. Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Kawu, ba albarka na zo nema a ɗaki ba. Ba na ce ka faɗi inda ka je ba. Bayan sallar Juma'a ka kama hannuna a gaban mutane, ka ce Tanimu ɗana ne, na san shi, ba ruwansa. Shi ke nan. Maganarka ɗaya ta isa Zango."

Ya ce, "In na ce ba ruwanka, za a ce yaya na sani. Mai kai rahoton na gaskiya yana nan cikin sahu, ban san ko wane ne ba. Muddin ana zaton kai ne, shi yana kwance, su ma suna kwance, ba mai tuna ni." Ya ja carbi. "Ina da iyali, Tanimu."

Na ce, "Ni fa, Kawu? Nawa ba iyali ba ne?"

Na jira, na ƙara jira, ƙwayar carbi kawai nake ji. Da na ga ba abin da zai fito, na tashi na ɗauki takalmina na nufi zaure. Sai ya kira sunana. Na juyo da sauri, wallahi na ɗauka ya sake shawara.

Ya ce, "Akwai mutane a ƙofar gida. Ka bi ta baya, ta wajen awaki."

Na bi ta wajen awaki.